Maraɗi, Jiratawa da Tsibiri: ina makaman kakanni suka shiga?

Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan salla, idonsa kan fara sauka ne a kan dawaki da rawuna da alkyabbu. Sai ƙura ta lafa kana yake lura da abin da mahaya ke ɗauke da shi: takobi rataye da hamila, mashi mai dogon ƙarfe, garkuwar da fatarta ta bushe ta yi tauri kamar icce, wani lokaci har da sulken da tsufa ya mayar baƙi. Ƴan bindiga su saki wuta, hayaƙin albarushi ya turnuƙe fili, yara su watse da ihu su sake dawowa. Idan rana ta yi sanyi sai kayan su koma ɗaka, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a saye cikin rufin ɗaki, ba a sake ganinsu sai wata sallar.

Baƙon da ya matsa kusa ya tambayi wani mahayi wane ne ya ƙera takobin nan, a wane gari, da wane ƙarfe, kuma wa ya riƙe shi a wane yaƙi, amsar da ya fi samu gajeriya ce: na kakanmu ne. A da, amsar takan yi tsawo, domin tsofaffi sun san sunan mai takobi da na maƙerinsa da kirarin kowanensu. Kowace shekara tana rage wani abu daga wannan sani. Ƙarfen yana nan, amma labarinsa na zubewa, kuma takardun da za su iya tallafa wa labarin suna can nesa, a Yamai da Dakar da ƙasar Faransa.

Birnin da yaƙi ya haifa

Ba a iya gane darajar waɗannan kaya sai an tuna yadda Maraɗi ta zama gari na sarauta. A shekara ta 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun mayaƙan jihadi, gidan sarautar Haɓe ya fice ya yi arewa. Bayan wahala da zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, Ɗan Kasawa ya samu gindin zama a kwarin Gulbin Maraɗi wajen shekara ta 1819, ya ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina, sunan da magadansa ke amsawa har yau. Tsakanin sabon mazaunin da tsohon birni bai kai kilomita 100 ba, kuma kusan dukan ƙarni na 19 an yi shi ne ana kai hari ana ramawa a wannan tsakani. Sarki Rauda ya faɗi a fagen Gawakuke a 1836. Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki daga wajen 1854 zuwa 1875, ya yi suna da hare-haren da ya riƙa kaiwa cikin ƙasashen Katsina da Kano. A ƙarshen ƙarnin kuma Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da har sarakuna ke shakkarsa.

Tsarin mulkin kansa ya nuna irin zaman da ake yi. Manyan rukunan sarauta huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, su ne masu zaɓen sarki, kuma Ƙaura shi ne jagoran mayaƙa. Ƙasa irin wannan ba ta kwana ba tare da wutar maƙera ba. Kowace fita yaƙi na bukatar dubban kibau, da masu, da linzami da likkafa, da gyaran takubban da suka dakushe. Jerin sarakunan da maroƙa ke rerawa ya kiyaye sunayen waɗanda suka hau doki, amma bai kula da waɗanda suka zauna gaban uwar maƙera ba.

Sai kuma wata hasara ta biyu. Tsohon birnin yana cikin kwari ne, bakin gulbi. Ambaliyar shekara ta 1945 ta rusa shi, hukumar mulkin mallaka ta mai da jama'a bisa tudu, inda aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Unguwanni sun hau tudu da sunayensu, Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Limanci da sauransu, amma ganuwa da tsofaffin zauruka da wuraren ƙira sun zauna ƙasa, garake da gonaki sun rufe su. Mutumin da ruwa ya kora yakan ɗauki hatsi da tufafi kafin ya tuna da tsohon kwari da baka. Abin da ya tsira daga wannan ƙaura shi ne ake gani yau ranar salla.

Hanyar kudu: Jiratawa

Wanda ke son ganin hannun da ke bayan makamin, sai ya bar fada ya bi gulbi ya yi kudu. Tafiyar ƴan kilomitoci ce zuwa Jiratawa, cikin gundumar Madarunfa. Yau an fi sanin garin da filin noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980, inda ake jawo ruwan ƙasa da injin. Amma wannan kwari ya daɗe da mutane tun kafin zuwan Ɗan Kasawa. Anna, wato mazauna na asali, sun kasu ne dangi dangi, kowane da gadonsa: masu noma, mahalba, masunta, maƙera. Masanin Faransa Guy Nicolas ya shafe shekaru yana nazarin wannan tsari a kwarin Maraɗi, kuma babban littafinsa ya fito a 1975. A wannan tsari ƙira gado ce da ake haihuwar mutum a ciki, da asirinta da haninta, ba sana'ar da kowa ke shiga da rana tsaka ba.

Rumfar maƙeri a ƙauyukan kwarin ba ta canza sosai ba ga ido. Ga uwar maƙera a kafe cikin ƙasa, ga masaba da awartaki, ga yaro na zuga, ko da yake a wurare da dama ƙafar keke mai juya fanka ta maye gurbin zugazugin fatar akuya. Gawayin ƙirya shi ne aka fi so, domin wutarsa na da zafi kuma tana jimawa. Abin da ya canza shi ne ƙarfen. Maƙerin da ya yi wa mayaƙan Ɗan Baskore aiki yana samun ƙarfensa ne daga tama, dutsen da ake haƙowa a narka cikin tanderun yumɓu da gawayi mai yawa, a fito da dunƙule a yi ta dukansa har datti ya fita. Da Turawa suka zo da ƙarfen waje, daga baya kuma tsofaffin motoci suka yawaita, sai narkar da tama ta mutu cikin ƴan shekaru. A ƙasar Adar, masaniya Nicole Échard ta samu tsofaffin da suka iya aikin, ta ɗauki fim ɗinsu a ƙarshen shekarun 1960. A wurare da dama na ƙasar Hausa abin da ya rage shi ne kashin maƙera, baƙaƙen duwatsu masu ramuka da hauyar manomi ke tonowa, ya jefar a bakin gona ba tare da sanin cewa shaidar masana'anta ce ba.

Makami ba aikin mutum ɗaya ba ne. Maƙerin baƙi ya buga kan kibiya ya fitar mata da kunnuwa yadda ba ta zaruwa idan ta shiga. Wani ya nemo kyauro ya ɗaura. Mahalbi ya dafa dafi, wanda ƴaƴan kwankwani ke cikin manyan mahaɗansa, ya shafa. Maƙerin fari, mai aikin jan ƙarfe da azurfa, ya ƙawata ƙotar takobi. Baduku ya ɗinka kube ya yi masa ado. Maɗinki ya cusa auduga cikin lifidin doki da na mahayi. Malami ya rubuta laya a ɗinke a jiki. Saboda haka takobi ɗaya mai cikakken kaya taskar fasahar gari ce gaba ɗaya, kuma shi ya sa masu tara kayan ado na da suke nemansa kamar yadda masu nazarin yaƙi ke nemansa.

Kibiya kuwa, wadda ta fi kowane makami arha, ita ce ta fi ɓacewa, alhali ita ce makamin talaka da ya sha juya tarihi. A Tabkin Kwatto, a 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu ne suka karya dawakin Gobir masu lifidi. Dazuzzukan da suka raba Maraɗi da Katsina ma baka da kwari ne suka tsare su. Amma kyauro na ruɓewa, gara na cin kwari, kan kibiya kuma yaro na iya mai da shi abin wasa. Babu mai rataye kibiya ranar salla, don haka babu mai ajiye ta.

Hanyar arewa: Tsibiri

Daga Jiratawa gulbi ya ratsa gefen Maraɗi ya nufi arewa maso yamma, kuma wanda ya bi shi ba zai jima ba zai isa Tsibirin Gobir. Labarin nan ɗan'uwan na Maraɗi ne. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa suka yi ta yunƙurin dawowa har ranar Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron Gobir da Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali ya faɗi tare da Rauda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri, kusa da abokan ƙawancensa na Maraɗi, ta zama mazaunin jikokin Bawa Jan Gwarzo. Har yau sarautar Inna, wadda mace ke riƙewa, tana da girma a wannan fada.

A fada irin ta Tsibiri, makami na iya tashi daga kayan yaƙi ya zama kayan sarauta. Takobin da aka ci yaƙi da shi, ko tambarin da aka buga ranar nasara, yakan shiga hannun wani bafade na musamman, ba ya fitowa sai ranar naɗi ko wani babban buki. Irin wannan ajiya ita ce ta fi kowace aminci, domin abin yana da mai tsaro, yana da suna, yana da ranar fita. A birnin Katsina haka aka kiyaye Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau. Masani A. D. H. Bivar ya zagaya fadojin arewacin Nijeriya ya duba irin waɗannan takubba da sulkuna, ya buga littafi a kansu a 1964. Hatsarin yana ga kayan da ke gidajen zuriyar jarumai da bayin sarki, waɗanda gado ke rarrabawa. Idan mai gida ya rasu, gona da gida ake lissafawa. Takobi ya bi babban ɗa, mashi ya bi ƙane zuwa wani gari, sulke ya zauna a buhu har tsatsa ta haɗe zobbansa.

Bindiga ta makara zuwa wannan fage. Har tsakiyar ƙarni na 19 kaɗan ce a hannun sarakunan ƙasar Hausa, kuma doki da baka ne ke yanke hukunci. Wanda ya sauya lissafi shi ne maƙwabci na gabas, Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. A zamaninsa an haɗa albarushi a birnin Zinder, an zuba igwa ta jan ƙarfe, kuma masana tarihi na ambaton bindigogi kimanin 6000 da igwa kimanin 40 a rundunarsa. Wannan ita ce masana'antar makamai mafi girma da aka sani a yankin kafin zuwan Nasara. Turawa kuwa sun yi nasu shiri: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani ga mafi yawan ƙasashen Afirka. Shekara 9 bayan haka, a 1899, ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar yana ƙone garuruwa, har ya ƙare da kashe-kashen juna a Dankori da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. A ƙarshen watan Yuli na wannan shekara Zinder ta faɗi. Daga nan aikin maƙeri ya koma ga hauya da lauje da gatari.

Abin da ƙarfe ke faɗi da kansa

Ko babu takarda, tsohon makami yana da abin faɗi ga wanda ya iya dubawa. Da yawa daga cikin takubban da suka yi yawo a Sahara da ƙasar Hausa, ruwansu ba a nan aka buga shi ba. An ƙera shi a Turai, musamman a garin Solingen na Jamus, ya ƙetaro teku, ya biyo ayarin raƙuma daga Tarabulus, kana maƙeran gida suka sa masa ƙota, dukawa suka yi masa kube. A jikin irin wannan ruwan takobi akan ga hoton dabba mai gudu kamar kare, ko jinjirin wata biyu masu fuska. Da alamun suka yi daraja a kasuwa, maƙeran gida ma suka riƙa zana su a kan nasu aiki, kuma rarrabe na asali da na kwaikwayo ilimi ne mai zaman kansa.

Haka bindiga. Bututun da aka gwada a garin Liège na Beljiyam yana ɗauke da haruffan ELG cikin ɗan da'ira. Birmingham ta Ingila, wadda ta cika gaɓar Afirka ta Yamma da bindigogi masu ƙanƙara, tana da nata tambari. Bindigar sojan Faransa samfurin Gras ta 1874 kuwa, sunan masana'antarta a rubuce yake a jikinta, ko Saint-Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle. Wanda ya goge irin wannan alama da yashi don ƙarfe ya yi ƙyalli ranar salla, ya goge shafi guda na tarihi ba da saninsa ba.

Akwai darasi a garin Châtellerault. An rufe masana'antar makamansa a 1968, amma a cikin gine-ginenta aka buɗe babbar ma'ajiyar takardun ƙera makamai ta Faransa, inda mai bincike ke iya bin sawun zane da lissafi da sunayen ma'aikata. A can wuta ta mutu, takarda ta rage. A kwarin Maraɗi tanderu ya mutu, kuma littafin ma'aikata yana cikin kan tsofaffi.

Inda takardun suke

Wannan ba ya nufin babu rubutu. Yana nan, sai dai a warwatse. Bature na farko da aka san ya taka Maraɗi da Gobir shi ne Bajamushe Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, wanda ya rabu da shi a wajen Tasawa a farkon 1851. Ya ga ƙasar a lokacin da yaƙi ke kan ganiyarsa, amma ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852 bai rubuta littafi ba. Daga 1906 zuwa 1909 ayarin Kyaftin Tilho ya zo shata iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, tafintansa Landeroin ya zauna da tsofaffin fada ya rubuta jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, aka buga a 1911. A shekarun 1960 Philippe David ya rubuta tarihin tsohuwar daula da tsohon birnin Maraɗi, da kuma labarin Ƙaura Hasau, a cikin jerin Études nigériennes. M. G. Smith ya fitar da nazarinsa kan mulkin Ɗan Baskore a 1967.

Bayan littattafai akwai takardun biro: rahotannin zagayen kwamandoji, da bayanan ƙasa da kowane sabon kwamandan ke gada, da rajistar izinin riƙe bindiga. Wasu suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, wasu a Dakar inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa ya zauna, wasu a Aix-en-Provence. A Yamai kuma akwai dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar IRSH, waɗanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tattara su, da faya-fayan hira da tsofaffi a cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yana da nasa kaya. A ɗaya gefen iyaka, Sakkwato da Kaduna na riƙe da wasiƙu da labaran waɗanda Maraɗi da Gobir suka yaƙa, kuma bakin abokin gaba ma shaida ne.

Matsalar ita ce takarda ba ta san takobi ba, takobi bai san takarda ba. Mai bincike a Aix na karanta sunan wani jarumi bai san mashinsa na jingine a wani zaure a Bagalam ba. Jikan jarumin na riƙe da mashin bai san an rubuta sunan kakansa shekara ɗari da suka wuce ba. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Dillali a ƙofar gida

Wanda ya fi kowa zagaya gidajen nan ba malamin jami'a ba ne, dillali ne. Fataucin kayan da tsohuwar sana'a ce a hannun Hausawa, har masani Christopher Steiner ya rubuta littafi a 1994 kan kasuwar Abidjan, inda fatake Hausawa ke cikin manyan masu riƙe da ita. Hanyar sananniya ce. Yaron dillali ya shiga ƙauye lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya tambayi tsofaffin kaya, ya biya ƴan jakkuna. Kayan su tafi Yamai ko Kano ko Lome, daga nan su haye jirgi. A kowane zango kuɗi na ninkuwa, labari na raguwa, har abin ya isa kantin Turai da ƴar takarda mai cewa takobin Sahel ne na ƙarni na 19. Karyewar darajar kuɗin Sefa a watan Janairu na 1994 ta sa kuɗin mai saye daga waje ya ninka ƙarfi a dare ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi dillali ɓarna, shi ne mai sayen tsohon ƙarfe a kilo, domin abin da ya shiga hannunsa wuta zai koma.

Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan a wani fanni. An gano kayan yumɓu na Bura, cikin ƙasar Tera, a 1975, masani Bube Gado ya yi haƙa a 1983. Bayan baje kolin da aka buɗe a Paris a 1993 duniya ta san su, sai ɓarayin haƙa suka afka wa wuraren, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin hatsari a shekara ta 2000. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma kare kayan gadon ƙasa, ta kuma hana fitar da su ba da izini ba. Amma doka ba ta iya tsare abin da ba a san da shi ba. Jami'in kwastan da ya ga takobi cikin kaya, da me zai gane ko jiya aka buga shi don ƴan yawon buɗe ido, ko kuwa ya je Gawakuke?

Ko maganar maido da kaya daga Turai, a kan shaida take tsayawa. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka kudu da Sahara kimanin 90000 a gidajen tarihin Faransa. A watan Nuwamba na 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal. Ruwan takobin a Klingenthal aka ƙera shi, cikin ƙasar Faransa, kuma wasu masana sun yi jayayya ko ya taɓa shiga hannun Shehin. Idan takobin mutum mai wannan suna ya jawo gardama, ina ga na wani barden Tsibiri da ya fita ba hoto ba rubutu?

Tsoro na zamani

Akwai wani sabon dalili da ke sa mutane ɓoye kaya ko rabuwa da su. Tun wajen 2019 ƴan bindiga masu satar shanu da mutane suka addabi ƙauyukan iyaka a gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, dubban ƴan gudun hijira kuma suka shigo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina. A irin wannan hali kalmar bindiga ta yi nauyi, kuma maƙerin da ya iya gyaran bindigar toka yana taka tsantsan da bakinsa. Hukuma na da hujjar tattara makaman da ba sa bisa ƙa'ida, kuma tun 1994 ƙasa ke da hukuma ta musamman don wannan aiki. Sai dai bindiga mai ƙanƙara da ta shekara 150, wadda bututunta ya rube, ba ita ke hana ƙauye barci ba. Idan babu hanyar da mai ita zai nuna ta a rubuta a bar masa, ko a ajiye da sunan gidansu, zai zaɓi jefa ta tsohuwar rijiya.

Abin da ba ya bukatar miliyoyi

Idan aka yi maganar kayan tarihi, hankali kan tafi ga babban gini da gilasai da kuɗin ƙasashen waje. Abin da ya kamata ya riga gini shi ne rajista. Littafi ɗaya a fadar Maraɗi, ɗaya a fadar Tsibiri, ɗaya wajen hakimin Jiratawa. Kowane gida mai tsohon makami ya kawo, a ɗauki hotonsa, a auna tsawonsa, a kwafe alamun jikinsa, a rubuta sunan wanda ya riƙe shi da na maƙerin idan an sani, a naɗi muryar tsohon da ya fi kowa sani, kana a mai da wa mai kaya kayansa da ƴar takardar shaida. Mutane ba za su fito da abin da suke tsoron a karɓe ba, don haka kiran ya fi kyau ya fito daga bakin sarakuna da sarakunan maƙera, hukuma ta tsaya a baya ta ba da tabbaci. Ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da malaman lakwal na iya riƙe alƙalami, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar hoto da murya. Kwafin abin da Landeroin da David suka rubuta, idan aka juya shi zuwa Hausa aka karanta a gidajen rediyo, zai tayar da tunanin gidaje da yawa.

Alhazan Maraɗi, waɗanda suka gina masallatai da makarantu, suna da gurbi a nan. Ba laifi ba ne mutum ya tara kayan da. Mai tarawa na gari shi ne wanda ke sayen abu da labarinsa, ya rubuta daga wane gida ya fito, ya bar ƙofa a buɗe ga mai son gani. Gara takobi ya zauna a zauren wani attajiri a unguwar Zariya, da sunan mai shi a rubuce, da ya tafi inda ba mai iya furta sunan.

Tsofaffin da suka ji labarin Ƙaura Hasau daga bakin waɗanda suka gan shi sun kusa ƙarewa, haka ma waɗanda suka yi wayo a tsohon birni kafin ruwan 1945. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Salla za ta sake zagayowa, dawaki za su sake fitowa, yara za su sake tambayar na wane ne wannan takobi. Allah ya sa a samu mai amsawa.